Wa Ke Sa Ido Kan Masu Gyaran Magana?

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 6 yana in'ina, har yakan runtse ido kafin kalma ta fito. An ce in kai shi wajin ortofonis, wato mai gyaran magana. Wa ke sa ido kan aikinsu? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ƙasashe da yawa masu wannan sana'a suna da ƙungiya wadda mambobinta ke zaɓar shugabanni na wa'adi, kamar ASHA ta Amurka da aka kafa a 1925. Ita ce ke tsara ƙa'idojin aiki, ta tantance ƙwarewar mambobinta, ta kuma ladabtar da wanda ya tona asirin majinyaci ko ya yi alƙawarin warakar da ba ya iyawa.

A ganina, abin da ya kamata irin wannan ƙungiya ta sa gaba a yankinmu shi ne horar da ƙwararru masu jin Hausa da Barbarci, domin yaron da ya tashi da harshen gida ba a auna maganarsa da Faransanci kaɗai. Ki nemi ganin takardar shaidar karatun mai gyaran maganar kafin ki biya ko dala. A gida kuma, kada a riƙa ƙarasa wa yaron magana idan ta sarƙe masa.