Prius 'yar Beljiyam da hanyar ƙauye: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, sana'ata sayar da irin shuka da maganin feshi. Duk mako nakan shiga Kano sau ɗaya ɗauko kaya, ranar Lahadi in ci kasuwar Gujungu, wata Alhamis ɗin in leƙa Maigatari. A wata nakan yi kusan kilomita 1,500. Tsohuwar Golf ɗina ta gaji, kuɗin mai kuma ya kai mini iya wuya. Wani dillali a Kano ya nuna mini Toyota Prius ƙirar 2010, irin mai haɗa fetur da lantarki, kuɗinta kusan ɗaya da wata Corolla mai shekarunta. Daga gidana zuwa bakin kwalta akwai burji kamar kilomita 9, da damina kuma ruwa yakan kwanta a wurare biyu. Abokaina sun ce in batirinta ya mutu ta zama akurkin kaji. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 nake samun irin wannan tambaya, amma taka ta fi sauƙin amsawa, domin ka faɗi hanyar da kake bi da yawan tafiyarka. Abubuwan nan biyu su ne rabin amsar.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba a kan batun mai. Prius mota ce mai asali, tun 1997 Toyota ke ƙera ta a Japan, wadda aka nuna maka kuwa zubi na uku ce, wanda aka yi daga 2009 zuwa 2015. Ba a jona ta da wutar gida, don haka rashin wutar NEPA a ƙauyenku bai shafe ta ba. Injin fetur ɗinta ne ke cajin babban batirin, sannan duk lokacin da ka taka birki ko ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙarfin da wata motar ke asararsa ita tana mayar da shi cikin batir. Ka tsaya, injin ya mutu da kansa. Ka tashi a hankali, lantarki ya ja ka.

To ka lura da inda ribar take: tsayawa da tashi. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Prius ta 2010 tana yin kusan kilomita 22 da lita ɗaya a cikin gari, Corolla mai giyar otomatik ta wannan shekarar kuma kusan 11. A babbar hanya tazarar tana raguwa sosai, Prius kusan 20, Corolla kusan 14. Mu ɗauki kilomita 1,500 ɗinka. Da a cunkoson Kano kake yin su, tsakanin Bata da 'Yankaba da Kurna, za ka rage lita kusan 68 a wata. Amma tafiyarka doguwa ce a kan kwalta, ta Ringim da Gezawa, inda injin fetur ke aiki kusan ko da yaushe. A nan abin da za ka rage bai wuce lita 32 ba. In muka sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 32,000 ke nan a wata, kusan 384,000 a shekara. Kuɗi ne, ban raina su ba. Sai dai waɗannan alƙaluman sababbin motoci ne, kuma a gefe guda akwai abin da zai iya lashe ribar shekara biyu a rana ɗaya.

Batirin da abokanka ke magana a kai yana bayan kujerar baya, ƙarƙashin but. Sassa 28 ne aka jera aka haɗa, kowane sashe volt 7.2, gaba ɗaya 201.6. A cikin kowane sashe akwai ƙwayoyi shida masu volt 1.2. Ƙwaya ɗaya ta mutu, kwamfutar motar ta gani, ta kunna maka jan gargaɗi, motar ta rasa ƙarfi, wani lokaci ta ƙi tashi sam. Garantin da Toyota ta bai wa wannan batir a mafi yawan jihohin Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000. Motar 2010 ta wuce wannan tun tuni. Da yawa suna zarce garantin nesa ba kusa ba, na ga waɗanda suka yi, amma duk wanda ya sayi motar da ta haura shekara goma da batirinta na asali ya sa a ransa cewa a hannunsa zai ƙarasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya fi damuna game da yankinku shi ne zafi da ƙura, domin su ne manyan maƙiyan wannan batir. Ba ruwa ke sanyaya shi ba. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar cikin motar ta wata kafa da ke gefen kujerar baya ta hannun dama, ta hura masa. Iskar da kake shaƙa ita yake shaƙa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, ka ajiye motar a rana tun hantsi a kasuwar Gujungu, ka dawo da la'asar ka tashe ta ka kama hanya gilasai a sauke, ƙurar burji na shiga. Wannan ƙurar a fukafukan fankar take taruwa. An taɓa kawo mini wata daga wajen Gumel, mai ita ya riga ya yanke ƙauna, an ce masa batir ya mutu. Da muka buɗe fankar sai muka tarar ƙura da audugar buhu sun daskare a jikinta kamar tabo. Mun wanke, motar ta dawo hayyacinta, amma zafin da batirin ya sha watanni ya riga ya rage masa kwana, bai cika shekara ba aka canza shi. Har yau abin yana ba ni takaici, domin aikin da bai kai awa ɗaya ba ne ya jawo wannan asara.

Sana'arka ma tana da hannu a ciki. Mai ɗauko kaya yakan kwantar da kujerar baya ya jibga buhunan iri har rufi, ba tare da ya san ya toshe kafar iskar ba. Jarkar maganin feshi kuma in ta yi yoyo a but, a saman batirin take zuba. Ga nauyi: tsakanin ƙarƙashin Prius da ƙasa kusan santimita 14 ne kawai ba kaya, ka loda ta kuwa sai ta ƙara zama. Kan burjin da tayoyin tarakta da amalanke suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, za ka riƙa jin ƙasanta na gurza.

Batun ruwan damina kuwa ba na wasa da shi. Ɗan ruwan da bai kai rabin taya ba, za ta wuce kamar kowace mota. Wanda ya kai bakin ƙofa ya shiga ciki, shi ne matsala, kuma kun san yadda Agusta da Satumba suke yi a Taura da Ringim da Auyo in kogin Haɗeja ya cika. Golf ɗinka in ta sha ruwa, a kwance filogi, a juye baƙin mai, a shanya ta, galibi ta tashi. Wannan kuwa tsatsa ce za ta kama mahaɗan batirin da wayoyin a hankali, ta riƙa fito maka da ciwo kala-kala bayan wata biyu ko uku.

Sai kuma tambayar da ban ji ka yi wa kanka ba: ranar da ta tsaya maka tsakanin Gujungu da gida bayan magariba, wa za ka kira? Ba ta da kik irin wanda makanikai suka saba da shi, kuma ba a tura ta ta tashi. Ba a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyin gaba na juyawa a ƙasa har Kano, yin haka na iya lalata kayan lantarkinta, sai dai a ɗora ta a kan janwe. Wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa, na'urar da ke sarrafa wutar tana ɗaga ta har volt 650. Mai wayarin na bakin tasha, komai ƙwarewarsa a kan Golf da Sharon, kada ka bari ya sa hannu a wurin, don ransa da kuma motarka. Hatta esi ɗinta na lantarki ne, mai na musamman ake sa masa, wanda ake kira ND-11. A zuba masa man esi na gama-gari, sai motar ta fara ƙorafin yoyon wuta. A Kano akwai masu aikin haibirid, wato motoci masu haɗa fetur da lantarki, da suka san abin da suke yi, kayan gyara ma ana samu a Ƙofar Ruwa. Daga ƙauyenku zuwa wurinsu kuwa, kuɗin janwe kaɗai zai ci ribar man wata guda ko fiye, ban da kasuwar da za ka rasa.

Don in yi mata adalci, tana da alherin da ba a cika faɗa ba. Wannan zubin ba shi da bel ko ɗaya a jikin inji, ba shi da altaneta, giyarsa ba ta cika ba da matsala ba, takalman birki kuma suna daɗewa ƙwarai saboda lantarki ke yin yawancin aikin tsayawa. Mutumin da ke zaune a Kano ko Dutse, yana yawo a kan kwalta cikin gari, yana da rumfar ajiye mota da makaniken da ya san ta a kusa, ni da kaina nakan ce masa ya saya.

Kai kuwa, Malam, da wannan hanya taka, da wannan kaya, kuma ita ce motarka tilo da abincin iyali ya rataya a kanta, Corolla nake ba ka shawara. Duk garin da ka tsaya tsakanin Kano da Maigatari akwai wanda ya san cikinta. Da kana da wata motar ta ɗaukar kaya, wannan ta zama ta shiga Kano kawai, da amsata ta canza.

In kuma zuciyarka ta riga ta kwanta da Prius ɗin, to kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin komai ka je Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin cikakken batirin wannan zubin a yau, ka cire shi daga abin da za ka iya biya, ka ajiye gefe. In ragowar bai isa sayen motar ba, ba ka kai sayenta ba tukuna. Sannan ka nemo mai gwaji naka na kanka, wanda ba ya cin la'ada a cinikin. Ya jona mata kwamfuta, ku fita da ita hanya aƙalla rabin awa da esi a kunne, da rana tsaka. Kwamfutar tana nuna batirin a rukuni 14, kowane rukuni sassa biyu. Mai lafiya, lambobin suna tafiya kusan kai ɗaya ko an taka totur da ƙarfi. Ka ga rukuni ɗaya ya faɗo ƙasa da sauran da kusan volt 1.2, ƙwaya ta mutu a ciki. Lambar P0A80 in ta fito, ma'anarta a canza batir. Wasu masu sayarwa kan goge lambobin da safe kafin mai saye ya iso, amma kwamfutar tana nuna cewa ba a daɗe da gogewa ba, sai ka tambayi dalili. Kai ma da idonka za ka iya lura da ma'aunin batirin a dashbod: in yana cika fal cikin 'yan mintuna ya kuma zube cikin 'yan mintuna, batirin ya gaji.

Za a iya ce maka "an yi mata sabon batir". Ka nemi a buɗe ka gani. Sau da yawa sashe ɗaya ko biyu aka cire aka sa na wata tsohuwar motar, sauran 26 ko 27 ɗin suna nan da tsufansu, bayan 'yan watanni wani ya biyo baya.

Kada batir ya ɗauke maka hankali daga injin. Wannan zubin na uku an san shi da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, abin da kan kai ga ƙonewar gasket. Ka je da sassafe kafin kowa ya tashe ta. In injin ya yi kakkarwa da ƙara a tashin farko, ko ka ga ruwan lagireto ya yi ƙasa, ka bar ta. Wasunsu kuma suna shan baƙin mai. Ka saurari famfon birki, in yana yawan kuka kowane ɗan lokaci alhali ba ka taɓa birki ba, gyara mai tsada na tafe. Ka ɗaga kafet da murfin wurin safaya ka duba laka, tsatsa ko warin danshi, domin cikin motocin da ake gwanjonsu a Amurka akwai waɗanda ambaliya ta ci. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa a binciko maka tarihinta a intanet, ka kuma gwada ta da wadda ke jikin takardun kwastan.

In ta tsallake duk wannan ka kawo ta gida, ka sa a wanke fankar batirin a ƙarshen kowane hunturu, ka riƙa ajiye ta a inuwa, ka rufe gilashi ka kunna esi a kan burji, kada ka bar ta a ajiye watanni ba a tashe ta ba. Kada kuma ka bari mai ya ƙare mata ka ce za ka lallaɓa da lantarki zuwa gidan mai. In babban batirin ya zube ƙasa, shi ne ke tayar da injin, ko ka zuba mata jarka guda ba za ta tashi ba sai an kawo caja ta musamman daga Kano.