Maganin yoyo da aka shafa wa rufin dekin ya yi bororo: jabu ne, ko kuskuren aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. A watan Yulin bara rufin dekin na gidana da ke Ƙofar Ƙaura a Katsina ya fara yoyo, sai na sa aka shafa masa maganin hana shigar ruwa irin na bokiti. Damina ba ta ƙare ba shafen ya yi bororo, yanzu kuma yana ɗayewa. Mai aikin ya ce jabu aka sayar mini. Na kashe kuɗi masu yawa, ga wata daminar tana tafe. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ba a rasa jabu a kasuwa, amma tunda ka ce a watan Yuli aka yi aikin, hankalina ya fi karkata ga danshi, domin rufin da yake yoyo a tsakiyar damina ya riga ya sha ruwa har cikin kankarensa.

Akwai wata magana da nake ji kullum a bakin masu wannan aiki, wai ai maganin ruwa ne, don haka ruwa ba zai yi masa komai ba, da zarar rana ta fito saman dekin ya yi fari sai a kama shafe. Wannan magana ta jawo wa mutane asara mai yawa. Saman kankare yana bushewa cikin 'yan awoyi, amma cikinsa yakan riƙe danshi na makonni. Idan aka rufe shi da shafe, ranar Katsina ta buga shi, ruwan da ke ciki sai ya zama tururi ya nemi mafita, tunda kuwa an toshe masa hanya, sai ya ɗaga shafen. Ka je ka huda bororo guda da ƙusa. Sau da yawa za ka ga ruwa ya fito, ko ka tarar da ƙarƙashinsa ya yi duhu. Nau'in maganin da ake kira foliyuritan ma ya fi tsanani, domin idan ya haɗu da danshi tun bai kama ba, iska yake fitarwa ya yi kumfa. Gaskiya ne akwai nau'in da ake haɗa garin siminti da ruwan magani, wanda shi ana ɗan jiƙa masa wuri kafin a shafa, kuma daga nan wasu suka ɗauko al'adar suka ɗora wa kowane magani. Abin takaici shi ne umarnin yana nan rubuce a jikin bokitin, amma mai aikin bai karanta ba, wanda ya sayar ma bai yi bayani ba, idan abu ya ɓaci kuma kowa ya ce jabu ne.

Gwajin danshi ba ya cin kuɗi. A yanki leda mai santimita 45 kowane gefe, a manne bakinta kaf da salatif a kan dekin, a bar ta aƙalla awa 16. Idan ta yi gumi ta ciki, wurin bai bushe ba. Sabon kankare kuwa sai ya cika kwana 28.

Yanzu sai a kankare duk abin da ya saki, kada a shafa sabo a kansa. A cike tsaga, a yi wa kusurwar da bango ya haɗu da dekin cikon siminti mai gangara a sa ragar da ke ƙarfafa shafen, a gyara inda ruwa yake kwanciya ya riƙa bin indararo. A share ƙura sosai, musamman da hunturu, a fara da shafen share fage da kamfanin maganin ya ambata, sannan a shafa maganin sau 2, na biyun ya gitta na farkon bayan ya bushe. Kada a surka maganin don ya yi auki. Da bazara a guji tsakar rana, a bari sai la'asar lokacin da dekin ya fara hucewa.

Ka yi ƙoƙari a gama kafin ruwan farko ya sauka. Idan shafen ya kama sosai, a toshe indararo a tara ruwa a kai na awa 24 zuwa 48, ka shiga ɗaki ka duba rufin ta ƙasa, kuma kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka ga babu ɗigo.