Tsohon karena ya fitar da ƙari, kuma ba ni da kuɗin tiyata: mene ne hukunci?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da kare da ya yi shekara 11 yana gadin gonata da dabbobina. Yanzu ya tsufa, har bakinsa ya yi furfura. Wata 4 da suka wuce na ga ƙullutu a gefen haƙarƙarinsa, mai laushi, in na taɓa yana zamewa ƙarƙashin fata. Akwai ƙananan tsiro a bayansa kamar tusar jaki, sannan wani ja a cinyarsa da yake ta lasa, yau ya kumbura gobe ya saɓe. An ce mini sai tiyata, kuɗin kuma ya fi ƙarfina, ga iyali. Wasu sun ce in kai shi nesa in yar, wasu sun ce in kashe shi, wani ma dariya ya yi mini wai kare ake kaiwa asibiti. Shin wajibi ne in yi masa magani? Zan iya cin bashi, ko in cire daga zakkata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tiyatar da ta fi ƙarfinka ba ta wajaba a kanka ba. Abin da ya wajaba shi ne ka ci gaba da ciyar da shi da shayar da shi, ka nemi sanin abin da ke damunsa gwargwadon ikonka, kuma kada ka bar shi cikin azabar da kake da halin ragewa. Yar da shi kuwa haramun ne.

Riƙon karen naka halal ne tun asali. Hadisin da ke cewa ana rage wa mai riƙe kare ƙiraɗi ɗaya ko biyu na lada kullum ya toge karen farauta da na kiwo da na gona, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamai da yawa sun haɗa da karen gadin gida ta hanyar ƙiyasi. An ma hakaito cewa Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Tsufan karen bai mayar da riƙonsa laifi ba. Don aiki ka ɗauke shi, ya yi aikin har ƙarfinsa ya ƙare.

Littattafan fiƙihu sun yi magana a kan wannan a babin ciyarwa. Khalil, malamin Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Mukhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan hijira, ya fi kusantar matsalarka: da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, na farko da ya kawo shi ne a ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun naƙasa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Ka kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Wani zai ce ai yarwa sakewa ce. A'a. Karen da ya saba da kwano ɗaya shekara 11, ƙafafu sun yi nauyi, ga miki a cinya, in ka sauke shi a bakin hanya yunwa da ƙuda da tsutsa ka miƙa wa.

Shi kuma mai dariyar, a karanta masa hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallage, Allah ya gafarta masa. Sahabbai ma sun yi mamaki, suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada. Wancan karen ba nasa ba ne, bai taɓa yi masa gadi ba ko na dare ɗaya.

Akwai wani abu a tambayarka da ya tsaya mini a rai. Ka ce "an ce mini sai tiyata". Wa ya ce? Idan ba likitan dabbobi ne ya duba ya faɗa ba, to kana auna aljihunka da kuɗin aikin da wataƙila ba a ma buƙatarsa. Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, Allah kuma ya ce a tambayi ma'abota sani (Nahli, aya ta 43), masanin wannan fanni kuwa likitan dabbobi ne. Abin da aka sani a wajensu shi ne tsofaffin karnuka suna yawan fitar da ƙari, mafi yawansa kuma ba ciwon daji ba ne. Ƙullutu mai laushi mai zamewa sau da yawa tarin kitse ne da suke kira lifoma, wanda akan bar shi kawai muddin bai hana tafiya ba. Ƙananan tsiro masu kama da tusar jaki galibi daga maɓuɓɓugar maiƙon fata suke, ba su da cutarwa sai in suna jini. Na cinyar nan shi ne abin kulawa. Akwai wani ciwon daji na fata mai yawa a karnuka wanda yake kumbura ya saɓe, yana ja yana ƙaiƙayi, kuma yakan yi kama da ƙari marar illa. Ido da hannu ba sa rarrabe su, ko na likita ne. Da siririyar allura ake zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba a madubin likita. Wannan gwaji yana ɗaukar mintoci kaɗan, yawanci ba a buƙatar allurar barci, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na tiyata ba. Idan ma ta kama a cire, cire ƙaramin ƙari ya fi sauƙi da araha a kan wanda aka bari ya girma ya fashe.

Saboda haka abin da nake gani shi ne: idan kana iya biyan kuɗin dubawa da wannan gwaji ba tare da ka taɓa abincin iyalinka ba, ya zama dole ka yi, musamman ga na cinyar, tunda karen yana nuna alamar damuwa da shi. Ka faɗa wa likitan gaskiyar abin da ke hannunka, kada kunya ta hana ka. Ka tambaye shi wanne ne ba ya jira, wanne za a iya sa wa ido, kuma ko zai karɓi biya kaɗan-kaɗan. Asibitocin koyarwa na jami'o'i da na gwamnati da ƙungiyoyin jinƙan dabbobi sukan fi sauƙi inda ake da su. Waɗanda aka ce a sa wa ido, ka riƙa auna su da abin awo duk wata, ka ɗauki hoto da waya, ka koma da shi in ɗaya ya girma da sauri, ko ya taurare, ko ya fara jini ko mugunya, ko karen ya daina cin abinci.

Kada ka ɗaure tsiron da zare, kada ka yanke da reza, kada ka ƙona. Wannan azabtarwa ce, kuma in ciwon daji ne saiwarsa tana nan a ciki. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana ɓula cikin kare ya lalata masa ƙoda, farasitamol ma in ya wuce ƙima yana kashe hanta.

Batun kuɗi kuwa, iyalinka ne gaba. A hadisin Jabir da ke cikin Muslim an ce mutum ya fara da kansa, sannan iyalinsa, sannan danginsa. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya (Baƙara, aya ta 286). Bashi marar ruwa ya halatta in kana da tabbacin hanyar biya, amma ba a wajabta maka shi ba. Bashi da ruwa haramun ne, wannan ba lalurar da za ta halatta riba ba ce. Zakka ba ta shiga nan, domin rukunin mutane 8 aka ambata a Tauba, aya ta 60, babu dabba a cikinsu. Sadakar ganin dama kuwa ta halatta, don haka in wani ya taimaka maka da kuɗin maganin yana da lada, kai ma babu laifi ka karɓa. In ka samu wanda zai riƙe karen ya kula da shi fiye da kai, ka ba shi kyauta.

Saura kisa. A halin da ka siffanta bai halatta ba, domin ba ka ce karen ya daina ci ko sha ko tafiya ba, kuma ba a ma san ciwon ba tukuna. Idan nan gaba likita ya tabbatar babu warkewa, ciwo ya yi tsanani, maganin rage zafi ya daina aiki, to malamai sun yi saɓani. Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana kashe dabbar da ba a cin namanta don hutar da ita. Malikiyya sun halatta idan an ɗebe tsammani da ita, Khalil ya ambaci haka. Na fi karkata ga wannan, saboda hadisin Shaddadu ɗan Ausi a cikin Muslim cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Sharaɗin shi ne ciwon dabbar ne dalili, ba gajiyar mai ita ba, kuma likita ne zai yi da allurar da ke sa barci kafin rai ya fita. Guba da duka da rataya duk haramun ne. Bayan nan a binne gawar da zurfi, domin maganin da ke jikinta yana iya kashe dabbar da ta ci.

In kana wanke masa miki, a mazhabar Malik jikin kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, jini da mugunya ne najasa, sai ka wanke inda suka taɓa kafin ka yi salla. Mai bin Shafi'i ko Ahmad zai wanke wurin da danshin karen ya taɓa sau 7, ɗaya da ƙasa. Ka sa safar hannu saboda lafiyarka.

Allah ne mafi sani.