Babba Ne, Aka Sa Shi a Ƙarshe

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Tawa lafiya. Wai mai horar da ku a Yamai ya haɗa ku huɗu a tseren iyo na karɓa-karɓa, ya sa ƙannenka uku su riga ka faɗawa ruwa, kai babba ka zo a ƙarshe, shi ne kake tambaya ko a al'adarmu wannan ba raini ba ne, ko ka je ka yi masa magana. Na yi murmushi, amma gabana ya ɗan faɗi da jin ɗan gidanmu ya mai da ruwa wurin wasa. Mu mutanen Adar rijiya muka sani da tabkin damina. Kakarka ko bakin tabkin Babaye ba ta yarda mu je ba.

Tun kafin farin 1973, ina saurayi, muna dawowa daga kasuwar Badagishiri da jakuna, tare da Baffa, yayan mahaifinmu. Ko ɗigo bai sauka kanmu ba, ashe an yi ruwa can gabas. Muka tarar ƙorama ta kawo, ja wur, tana tafe da rassan itace da mushen akuya. A tsakiya, kan wani tudun yashi, ga mace da goyo da 'yar yarinya riƙe da zanenta. Ruwa ya yanke su gaba da baya, yashin yana zabgewa muna kallo.

Baffa ya yi zama da Sarkawa a bakin kogi lokacin fataucinsa, shi kaɗai ne cikinmu ya iya ruwa sosai. Ya ce a kwance igiyoyin kaya a ƙulla su. Ƙaramin cikinmu ya fara turawa, inda ruwa ke gwiwa, ya ɗaure bakin igiya a gindin gawo. Sannan ni, har ruwa ya kawo mini ƙirji, na kai ta ga wani kututture, na rungume shi ina jin tsakuwa na dukan ƙwaurina. Na ukun ya wuce ni da 'yan taku ya tsaya riƙe. Duk wannan Baffa yana gaɓa, yana warware rawaninsa a hankali, yana ninkewa, mutane na ta gunaguni wai tsoho ya tura yara. Sai da ya ga igiya ta miƙe tsaf sannan ya haura sama da mu, ya shiga daga can, ya bar ruwa ya gangaro da shi a karkace har tudun. Wurin nan ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ya fara kawo yarinyar a wuyansa, muka miƙa ta hannu da hannu, ya koma ya ɗauko uwar da goyonta. Da ya fito, ya daɗe zaune kafin numfashinsa ya dawo.

Da dare muna cin tuwo ya ce iya ruwa fid da kai, haka aka ce, amma mahaifinsa ya koya masa cewa in an raba aiki, babba shi ke ɗaukar wurin da in ya ɓaci babu mai gyara masa.

Su ma masu wasan nan na ga sun san haka. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijin, an yi ta maimaita tseren mita 100 sau huɗu na maza a tele, na kalla a fadar yaran unguwa. Michael Phelps, wanda duniya ta sani, shi Amurka ta sa a farko. Jason Lezak, dattijonsu mai shekara 32, shi aka bari a ƙarshe, ya shiga ruwa Alain Bernard na Faransa yana gabansa, ya kamo shi daf da bango, ya riga shi taɓawa da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ba don shi ba, da Phelps bai cika zinare takwas ba.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ƙafarka kada ta bar dandamali kafin ɗan'uwanka ya taɓa bango, don in ka yi haka ku huɗun duka aka kora, wahalar yaran nan ta tashi a banza. A Sidni a 2000, ɗan ƙasarmu Karim Bare ya yi saurin faɗawa a tseren mutum ɗaya, aka fitar da shi da wani ɗan Tajikistan, Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi iyonsa shi kaɗai. Sauri ya haifi nawa, in ji kakarka.

Ku yaran yanzu a layi kuke auna girma, wa ya riga wa, wa ya fito a hoto. Mu a gaisuwa muka san shi, da rage wa ƙane loma a akushi. Kuma ban ji ka ambaci mahaifiyarka ba. Ta san kana wannan iyon? Ta ga irin wandon da kuke sawa gaban jama'a? Ka nemi mai kaiwa gwiwa, akwai shi. Sannan kada wani ya zuga ka ka faɗa kogi wajen gadar Kennedy don ka iya ruwan da ake ganin ƙasansa.

Maganar zuwa wurin mai horarwa kuwa, dakata tukuna. In ka zo salla mu zauna, ka faɗa mini wane ne cikin ƙannen naka ya fi saurin gajiya. Ka gai da mutanen gida.