Tambayoyinku: Zan iya koyar da manyan yarana a gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce a Zariya. Babbar 'yata shekararta 15, bana ta gama aji uku na ƙaramar sakandare a makarantar kwana, ƙaninta mai shekara 12 yana aji ɗaya. Kuɗin makaranta ya fi ƙarfinmu, ga fargabar hanya: duk ranar komawa ba na samun sukuni sai an bugo an ce sun sauka. Ta jeka-ka-dawo da ke unguwarmu kuwa ajin cike yake maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Na ji ana cewa a Amurka iyaye kan koyar da 'ya'yansu a gida har su shiga jami'a. Ina da NCE amma ban taɓa riƙe aji ba, kuma ni da lissafi ba ma ga maciji. Maigidan ya ce in zan iya, bismillah. Yarinyar aikin jinya take so. Ta ina zan fara?

Maman yara, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in raba miki yaran biyu, don ba hukunci ɗaya ne a kansu ba.

Shi ƙanin nata, ki bar shi a makaranta, ko da ta unguwar ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3, har ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya ci gaba da saɓawa. A Amurka da kika ambata dukkan jihohi 50 sun halatta karatun gida, dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ma ta bar ƙofarsa a buɗe, amma tamu ba ta ware masa gurbi ba. Ga kuma jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku, wadda ta hannun makaranta ya fi sauƙin samu. Ya riƙa zuwa da safe, da yamma ku toshe ɓarakar a gida.

Ita babbar ta riga ta haye waɗannan shekaru tara, saboda haka hanya a buɗe take. Amma kafin ki sayi ko littafi ɗaya, ki zaunar da ita ki tambaye ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai shekara 15 kuwa ta wuce nan. Tana da ƙawaye a can, tana da malamar da take so, wataƙila har tana sa ran a ba ta shugabancin ɗaki. Idan ta ji kamar an tsige ta ne, za ta zauna gaban littafi ido buɗe, zuciya tana wani wuri, ke kuma ki yi ta murna ana karatu. Ki gaya mata gaskiyar aljihun gidan, ku yi yarjejeniya: za a gwada zango ɗaya, in bai yi ba a sake shawara. Mahaifinta ya kasance a wurin, don "bismillah" daga nesa ba ta isa ba. Akwai kuɗin da zai riƙa fitarwa.

Daga nan sai ki fara lissafi daga ƙarshe, wato daga takardar da ake nema. Jami'a ko kwalejin jinya ba za ta tambaye ki wane aji yarinya ta zauna ba. Kiredit biyar za ta nema, a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, galibi a zama bai wuce biyu ba, wasu ma zama ɗaya suke so a fannonin lafiya. Wanda ba ya makaranta yana da damar rubuta WAEC ta masu zaman kansu, wadda mutane suka fi sani da GCE. Tun 2018 sau biyu ake yin ta, ɗaya a farkon shekara, ɗaya wajen ƙarshenta. NECO ma tana da irin wannan a ƙarshen shekara. Sai JAMB: darussa huɗu, maki 400, a kwamfuta ake rubutawa, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Ki yi mata NIN ɗin nan tun yanzu, ki duba harafi bayan harafi cewa sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da takardar haihuwa. Na ga yaran da suka ci jarrabawa sarai, "Aisha" a nan "Aishatu" a can ya sa iyayensu zaryar ofis har suka gaji.

Ki sauko da manhajar WAEC da ta JAMB ta wannan shekarar daga shafukansu, a buga miki a takarda, saboda akan sauya ta. Ita ce taswirarku. Ki raba ta shekara uku, ku liƙa a bango.

Batun lissafin da kike tsoro kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ba ke za ki koyar da Fiziks ba, kuma kada ki gwada. Uwar ƙaramin yaro ita ce malama. Uwar babba shugabar makaranta ce, mai riƙe agogo da rajista. A garinku ba a rasa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ko 'yan bautar ƙasa masu neman na sabulu. Ki samo ɗaya ko biyu, mace in da hali, su riƙa zuwa sau biyu ko uku a mako don Lissafi, Fiziks da Kimistiri, a zauna a falo inda kike gani. In kika samu maƙwabciya ko biyu masu irin matsalarki, ku haɗa yaran ku raba kuɗin. Hakan ya fi mata ma, don mai shekarunta tana bukatar wadda za ta yi gasa da ita. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka ake karatun zaure: ɗalibi ya kawo littafinsa, malam ya biya masa, ya koma ya yi ta maimaitawa shi kaɗai, gobe ya kawo hadda. Nana Asma'u ma ta hannun jajis ɗinta, wato matan da ta horar su riƙa koyarwa, ta kai karatu har cikin gidaje.

Makon farko kada a fara sabon darasi. Ki ba ta tsohuwar takardar lissafi ta BECE, ki sa agogo, ki karɓe waya. Malamin ya duba. A shekarun da na yi ina koyar da Kimistiri a aji huɗu, yawancin waɗanda suka ce darasin ya gagare su ba shi ne ya gagare su ba: ba su iya raba lamba mai ɗigo ba, ko su ga alamar ragewa biyu a jere su rikice. Sannan ki ba ta sakin layi ɗaya na Turanci ta karanta da ƙarfi, ta rufe, ta faɗa miki abin da ya ce da Hausa. In ta yi tuntuɓe a nan, wata biyu na farko a kashe su a kan wannan, ba asara ba ce.

Yanzu ga abin da ya fi kashe karatun gida a wurinmu, kuma ba rashin malami ba ne. Gidan ne kansa. Ƙarfe tara ta buɗe littafi, sai a ce "ɗan riƙe mini yaron nan in sauke tukunya". Ta dawo, mai ruwa ya yi sallama. Ta zauna, baƙi sun shigo, a kawo musu ruwa. Maƙwabciya ta leƙo: "Tunda wance tana gida, ta raka ni asibiti mana." Kafin a farga an kira azahar, shafi ɗaya ba a juya ba. Gobe suna, jibi gaisuwar rasuwa. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita, amma a wata shida kin mayar da ɗaliba 'yar aiki. Saboda haka ki yanke: daga takwas zuwa sha biyu ba ta gida. Aikinta ta gama shi bayan asuba. Ta yi wanka, ta sa kaya kamar mai fita, ta shiga ɗaki mai tebur da kujera. Wanda ya tambaye ta a ce tana makaranta, har kakarta. Awa huɗu na gaske sun ishi mai karatu ita kaɗai, tunda babu jiran malami, babu kiran suna. Islamiyyar yamma kuma kada a taɓa ta, nan za ta riƙa ganin sa'o'inta.

Ki sayi babban littafi mai bango mai kauri. Kullum ta rubuta kwanan wata da abin da ta karanta, ke ki sa hannu. Duk Asabar a yi gwaji da tambayoyin shekarun baya, a rubuta makin. Ko ba ki san amsar ba, kin san bambancin 12 da 30 cikin 50.

Abu ɗaya da gida ba zai ba ta ba shi ne ɗakin gwaje-gwaje. A GCE takarda ake rubutawa a madadin gwajin hannu, don haka ba zai hana ta ci ba. Amma wadda za ta yi jinya bai kamata ta fara ganin madubin ƙwayoyin cuta a kwaleji ba. Ki nemi wata makarantar kuɗi ki roƙi a bar ta ta riƙa shiga darasin gwaji lokaci-lokaci, ki biya abin da aka ce. Bidiyoyin darussa na shafin Khan Academy kyauta ne, haka manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. A sauke darasi da dare lokacin da data ta fi araha. Ta kuma saba da linzami da allon kwamfuta, don tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa a kwamfuta.

Ki shirya wa surutu. Za a ce an cire ta ne don aure, za a ce talauci, dangin uba ma za su tofa nasu. Littafin nan mai sa hannunki shi za ki miƙa wa duk wanda ya isa ya tambaya. Takardunta na tsohuwar makaranta, sakamakon BECE da shaidar kammalawa, ki je ki karɓo su tun kafin a manta da ita a can. Idan zangon gwajin ya ƙare maki bai motsa ba, ko kika ga yarinya ta yi shiru ta rame, da su za ki nema mata gurbi a aji huɗu.