Abin da ke canja sautin fiyano da abin da ke sa murya makara wajen ɗauka

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya me ya sa kake haɗa fiyanonka da kwamfuta ta wayar USB ka yi kiɗa, amma da ka kunna abin da ka ɗauka sai ka ji wani sauti dabam, sannan me ya sa muryarka take dawo maka a kunne a makare. Matsalolin biyu ba tushensu ɗaya ba.

Ta farko ta samo asali ne daga yadda MIDI yake, wato tsarin da fiyanonka yake aika wa kwamfuta saƙo da shi ta wayar USB ɗin. Tun da aka fito da wannan tsari a 1983, bai taɓa ɗaukar sauti ba, umarni kawai yake aikawa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Kowane maɓalli yana da lambarsa tsakanin 0 da 127, haka ma ƙarfin dannawa. Shi ya sa idan ka buɗe layin MIDI a manhajar haɗa kiɗa irin su Cubase ko Reaper ko FL Studio za ka tarar da 'yan sanduna jere a kwance, kana iya jan guda ɗaya da linzami ka mayar da ita gurbin da ya dace, ko ka ƙara mata tsawo. Sautin da kake ji kuwa na kayan kiɗan da manhajar ta ɗora wa layin ne. Idan ainihin muryar fiyanonka kake so, dole ka ja waya daga mafitar sautinsa zuwa katin sauti (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta), ka buɗe layin sauti na dabam, ka bar MIDI ya riƙa kaɗa fiyanon kana ɗaukar abin da ke fitowa. Kada ka manta ka kashe Local Control (saitin da ke sa maɓallan fiyano su kaɗa sautinsa kai tsaye) a jikin fiyanon yayin da manhaja take mayar masa da umarnin, in ba haka ba kowane maɓalli zai yi ƙara sau biyu.

A nawa aikin, ba na gaggawar mayar da MIDI sauti. Ina barinsa yadda yake har sai mawaƙi ya gwada muryarsa a kai, domin sau da yawa sai an zo nan ake gane cewa kiɗan ya yi masa sama, ko ya yi masa sauri. Da MIDI, sauke kiɗan ko rage saurinsa aikin daƙiƙa kaɗan ne kuma ba ya ɓata komai, amma da zarar an ɗauki murya ko jita a matsayin sauti, duk wani ja da matsewa yana barin tabo. Saboda haka ka tsayar da saurin kiɗa tun kafin makirufo ya shigo maganar. Ina kuma ganin masu tilasta kowace sanda ta hau kan layin awo cif-cif suna kashe wa kiɗa rai. Ganguna suna jure hakan, fiyano ba ya jurewa sosai.

Makarar murya kuma daga girman bafa take, wato adadin gutsattsarin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa su. A ma'aunin gutsattsari 48,000 a daƙiƙa, bafa mai 1024 tana jawo jinkirin kusan milisakan 21 wajen shiga kawai, ga kuma na fita, alhali mai 128 ba ta kai milisakan 3 ba. Ka rage ta lokacin ɗauka, ka ƙara ta lokacin haɗa sauti, idan kuma ka fara jin ƙaras-ƙaras to alama ce ka rage ta fiye da ƙarfin kwamfutarka. A kan Windows ka yi amfani da direban ASIO na katin sautinka, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta. Mafi yawan katunan suna da maɓallin da ke kai muryar kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, kuma shi na fi dogara da shi, muddin an rufe sauraron da ke cikin manhaja don kada murya ta zo biyu.

Game da ƙarfin shigarwa, ka ɗauka a bit 24, ka bar ƙololuwar muryar tana tsayawa wajen -12 zuwa -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, domin abin da ya taɓa 0 ya fashe kuma ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Idan makirufonka kondensa ne, wato irin wanda ke buƙatar wuta kafin ya yi aiki, sai ka kunna masa wutar 48V bayan ka gama haɗa wayarsa.