Filashin Canon Ko Na Godox: Wanne Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da Canon 250D. Da rana lafiya lau, amma da na shiga ɗaki ko duhu ya fara, in na ɗaga ɗan filashin jikin kyamara sai fuska ta fito fari fat, bayan mutum kuma baƙi ƙirin. Na tara kuɗi zan sayi filashin da ake ɗorawa a sama. Abokina ya ce in ƙara haƙuri in sayi na Canon, wai su Godox da Yongnuo jabu ne, har suna ƙona kyamara. Kuɗina ba su kai na Canon ba. Wace shawara za ka ba ni?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu je ga kuɗi, ɗauko kyamarar taka ka dubi mazaunin ƙarfen nan da ke samanta, inda ake zura ƙafar filashi. A yawancin kyamarorin Canon za ka ga ƙananan ɗigon ƙarfe huɗu, da babba guda a tsakiya. A 250D, wadda ta fito a 2019, babban na tsakiyar babu shi, haka ma a 4000D. Shi kuwa wannan ɗigon shi ne ke ce wa filashi "tashi" a tsohon tsari. Saboda haka filashi mai fil ɗaya tak a ƙafarsa, irin Yongnuo YN560 IV ko Godox TT600, in ka ɗora a kan taka kyamarar ba zai haska ba ko kaɗan. Lafiyarsa ƙalau, amma kyamarar ba ta da bakin da za ta yi masa magana. Na fara da wannan ne don waɗannan biyun suna cikin mafi araha, kuma su hannu ke fara kaiwa gare su.

Batun jabu kuwa, abokinka bai yi wa kalmar adalci ba. Jabu shi ne abin da ya saci sunan wani. Godox kamfani ne mai cin gashin kansa a Shenzhen ta ƙasar Sin tun 1993, da sunansa a jikin kayansa, kuma masu cin abinci da hoto da yawa da shi suke aiki. Akwai kuma Nissin ta Japan. Maganar ƙona kyamara tana da asali, amma daga tsofaffin filashin zamanin fim ta samo, zan taɓo ta a ƙasa. Na yanzu da aka ƙera don kyamarar dijital ba su da wannan haɗarin.

To me kake biya in ka sayi na Canon? Abu na farko fahimtar juna. Akwai tsarin da ake kira TTL, a Canon E-TTL II, a Nikon i-TTL. Kana danna maɓalli filashi zai saki ɗan ƙaramin haske, kyamara ta auna shi ta cikin lensi, sannan ta gaya masa yawan hasken da zai saki a ainihin hoton, duk kafin ƙiftawar ido. Wannan yaren Canon ne ya ƙirƙiro shi. Sauran kamfanoni koyonsa suke yi daga waje, kuma sun iya sosai, amma in sabuwar kyamara ta fito wani lokaci sai an jira su sabunta manhajar filashin kafin su daidaita. Abin da ya faru da 250D ke nan. Na biyu ƙwarin jiki: 600EX II-RT, wanda a da shi ne babban filashin Canon, yana da roba a ƙafarsa da mahaɗansa don tsare ƙura da yayyafi. Na uku, in ya lalace akwai inda za a kai shi gyara, in kuma ka tashi sayarwa bai cika faɗuwa warwas ba.

Waɗannan duk gaskiya ne, ba na raina su. Sai dai Godox TT685 II ya fi wannan Canon ɗin araha nesa ba kusa ba, kuma hasken da ke fitowa daga cikinsu ba wanda zai kalli hoto ya ce ga na wane.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta GN 60, a na Canon ɗin da na Godox duka. Ma'anarta, ka raba lambar da buɗin lensinka (lambar f) ka sami nisan da hasken zai kai a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske). Sittin a raba da f/4, mita 15 ke nan. Amma an auna ta ne da kan filashin a tsuke a 200mm, haske ya zama siriri kamar na tocila. A 35mm, inda za ka fi ɗaukar mutane a ɗaki, lambar takan sauko wajen 36, wato mita 9. Shi ya sa ba a gwada filashi biyu sai an duba a wane tsuki aka auna kowanne. Ɗan na jikin kyamararka lambarsa wajen 10 ce, ka ga tazarar.

Amma ba ƙarfi ne zai gyara maka farar fuskar nan ba. Abin da kake bukata kai ne mai juyawa sama da gefe. Na tuna wata dattijuwa da na ɗauka a ƙaramin ɗaki mai farin rufi. Hoton farko na nufe ta da haske kai tsaye: goshi yana ƙyalli, idanu a runtse, inuwarta manne da bango kamar an liƙa. Na ɗaga kan filashin sama, na ɗan karkatar da shi baya ta kafaɗata ta dama, na sake dannawa. Hasken ya bugi rufi ya sauko a hankali, kowane layi na fuskarta ya fito da taushi, har zaren da ke gefen mayafinta ana gani, bangon baya ma ya samu rabonsa. Filashin da na yi wannan da shi mai araha ne. Ka dai kula, in rufin mai launi ne launin zai sauko a fuska, in kuma ya yi tsawo da yawa sai ka nemi farin bango.

Ba zan ɓoye maka aibinsu ba. Wata rana ana tsakiyar taro murfin batirin wani filashina mai araha ya ɓalle, ɗan haƙorin robar da ke riƙe shi ya karye, batura huɗu suka watse a ƙasa tsakanin ƙafafun mutane. Da babu na biyu a jakata da aikin ranar ya tashi. Tun daga lokacin ban sake fita da guda ɗaya ba, kowane iri ne kuwa, domin mai tsada ma in ya faɗo daga kan sanda fashewa zai yi. Haka kuma in ka yi ta harbawa da cikakken ƙarfi a jere, kamar sau talatin, Godox zai ja da baya ya huce, ka yi ta jira tsakanin hoto da hoto. Maganinsa ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800, filashin ya yi aiki da kwatan ƙarfinsa.

Ga shawarata a fili. Ka sayi TT685 II mai harafin C a ƙarshe. Harafin nan ba ado ba ne: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm. Yana da TTL, yana da tsarin HSS da zai ba ka damar sa saurin ɗaukar kyamara ya wuce 1/200 na daƙiƙa in kana cike inuwar fuska a cikin rana, kuma da rediyo a cikinsa don tashe shi daga nesa ba tare da waya ba. Ka tafi da kyamararka a gwada a gabanka, ko ka tabbata za a karɓa in bai yi ba. Ka haɗa da baturan AA masu caji irin Eneloop, takwas, huɗu a ciki huɗu a aljihu. In kuɗi sun ƙaru, V860III yana da batirin litiyam da ke ba da cikakken haske kusan sau 480, ya sake shiri cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ragowar kuɗin ka ajiye don na'urar aika sigina irin X2T-C da sandar ɗora filashi da lemar tausasa haske, ranar da za ka so sauke filashin daga kan kyamara. Wanda aikinsa ke kai shi cikin ruwa da ƙura kullum, ko yake canza kyamara duk wadda ta fito, shi zan ce wa ya daure ya sayi na kamfanin kyamararsa.

TAMBAYA: Malam, na tsinci tsohon filashin mahaifina, Vivitar 283, yana aiki har yanzu. Zan iya ɗora shi a kan Nikon ɗina?

Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa, dakata tukuna. Wasu daga cikin na farkon wannan samfurin suna sako sama da bolt 200 ta ƙafarsu, filashin yanzu kuwa 'yan bolt kaɗan ne. Ki kai wa mai gyaran lantarki ya kunna shi, in ya cika ya auna tsakanin fil ɗin tsakiya da ƙarfen gefe. In lambar ta yi yawa kada ya taɓa kyamararki. Ki sa masa ɗan ido mai jin haske a ƙafa, ki ajiye shi gefe a kan tebur ko sanda, ki mai da ƙaramin filashin kyamararki tsarin hannu don kada hasken gwaji ya tashe shi da wuri. Kina dannawa zai haska tare da shi.